Ido, Zuciya da Numfashi: Kimiyyar da ke Cikin Harbin Bara

Gabatarwa

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yelwa da sassafe, ya ga masunci tsaye a goshin kwalekwale riƙe da mashi, ya ga darasin kimiyya ko da bai sani ba. Masuncin zai daɗe bai motsa ba, numfashinsa ma da ƙyar ake ganewa. Idan ya tashi suka, ba ya auna inda idonsa ya nuna masa kifin, sai ya auna ƙasa da wurin kaɗan. Da za ka tambaye shi dalili, zai ce maka haka ya ga mahaifinsa yana yi. Amsar gaskiya ce, sai dai akwai bayani a bayanta, kuma wannan bayani shi ne ya haɗa masuncin Yauri da maharbin dajin Shanga da kuma 'yan wasan da ke gasar harbi a Olamfik.

Na san cewa kalmar bindiga tana da nauyi a kunnen mutanen wannan yanki, musamman tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021. Don haka ya kamata in faɗi manufata tun farko. Wannan maƙala tana magana ne a kan wasan harbin takarda, wanda ake yi a keɓaɓɓen fili ƙarƙashin doka da alƙalai, kamar yadda ake tseren jiragen ruwa a bikin Rigata. Abin da ya ja hankalina gare shi, a matsayina na malamin ilmin halittu, shi ne babu wasan da ya kai shi tona asirin jikin ɗan Adam. A sauran wasanni ana auna wanda ya fi motsi, a wannan kuwa ana auna wanda ya fi iya tsayawa cik. Za mu ga cewa tsayawa cik abu ne da jiki mai rai ba zai taɓa iyawa ɗungum ba.

Yadda gasar take

Harbi yana cikin wasannin da aka yi a gasar Olamfik ta zamani ta farko, a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896, kuma an kafa ƙungiyar duniya mai kula da shi a 1907. A Ingila akwai gasar harbin nesa da aka fara tun 1860, wadda aka mayar filin Bisley a 1890, inda nisan bara yakan kai yadi 1,000. A Nijeriya an fi sanin irin wannan gasa tsakanin jami'an tsaro. Alal misali, rundunar sojan ƙasa ta gudanar da gasarta ta ƙananan makamai ta 2017 a dajin Sambisa.

Gasar da za mu ɗauka misali ita ce ta bindigar iska a nisan mita 10, wadda ta shiga Olamfik a 1984. Wannan bindiga ba ta amfani da albarushi. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashin darma mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kuma kimanin rabin giram. Ɗan wasa yana tsaye, ba jingina, ba madubin kusanto da nesa, zai yi harbi 60 cikin minti 75. Allon baran yana da da'irori goma, ɗaya cikin ɗaya, ta tsakiyar kuwa, mai maki goma, ɗigo ce mai faɗin rabin milimita, wato kamar ɗigon aya da ke ƙarshen wannan jimla. A manyan gasanni ana sake raba kowane maki gida goma, ta yadda harbin da ya fi kowanne kyau yake samun 10.9.

Bari mu yi ɗan lissafi don mu gane girman aikin. Tsawon bindigar ya kusa mita ɗaya, nisan bara kuma mita goma. Saboda haka duk karkatar da bakin bindiga ya yi, idan gindinta yana nan daram, to kuskuren zai ninka sau goma kafin harsashi ya isa. Idan baki ya kauce da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da milimita 10, makin kuma ya faɗo daga goma zuwa bakwai. Wanda ke son goma, dole karkatarsa ta gaza rubu'in milimita, wato kaurin takardun littafi biyu ko uku. A Olamfik ta Faransa a 2024, wata ɗalibar sakandare 'yar shekara 16 daga Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, ta yi kunnen doki da Huang Yuting ta ƙasar Sin. Aka ba kowace harbi guda na raba gardama. Ban ta sami 10.4, abokiyar karawarta ta sami 10.3. Tsakanin zinariya da azurfa a ranar bai wuce rubu'in milimita a kan takarda ba.

Ido da iyakarsa

Haske yana shiga ido ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi mai laushi, ya sauka a kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido. A wannan tantani akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Kashi na farko, kimanin miliyan shida, su ke gane launi da ƙananan abubuwa, amma sai da haske sosai suke aiki. Kashi na biyu sun ninka na farko sau da yawa, su ne ke aiki cikin duhu, sai dai ganinsu dishi-dishi ne. Masu kaifin gani sun taru ne a wani ɗan gurbi a tsakiyar tantanin, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Shi ya sa idan ka kafa ido a kan kalma guda a wannan shafi, ba za ka iya karanta wadda ke layi na biyar a ƙasa ba sai ka motsa idonka. Shi ya sa kuma maharbin dare yakan fi ganin abu idan ya kalli gefensa kaɗan, domin a gefen tantani ne masu aikin duhu suka fi yawa. Su waɗannan ƙwayoyi suna buƙatar sinadarin bitamin A, wanda ake samu a hanta da manja da karas da ganyen zogale, kuma rashinsa ne ke jawo dundumi.

Matsala ta biyu ita ce ido ba ya iya daidaita ganinsa a kan nisa biyu a lokaci guda. Ɗaga yatsanka a gaban fuskarka ka dube shi, za ka ga bangon da ke bayansa ya dushe. Dubi bangon, yatsan ya dushe. Mai harbi kuwa abubuwa uku ne a gabansa: saitin baya da ke kusa da idonsa, saitin gaba da ke bakin bindiga, da kuma baran. Masu koyar da wasan suna umartar ɗalibi ya kafa idonsa a kan saitin gaba, ya bar baran ya ɗan dushe. Lissafin da muka yi a sama shi ne hujjarsu, tun da kuskuren da aka yi wajen jera saiti shi ne ke ninkawa.

Don a rage wannan matsala, saitin bayan bindigar gasa faifai ne mai ɗan ƙaramin rami kimanin milimita ɗaya. Leƙe ta ƙaramin rami yana sa na kusa da na nesa su fito tare fiye da yadda ido tsirara zai gan su. Kowa na iya gwadawa: huda takarda da allura, ka leƙa rubutun allo ta ramin. Mai raunin gani zai yi mamakin yadda haruffa za su fito masa. Har ila yau, ɗan madubin cikin ido yana ƙara tauri da shekaru, har idan mutum ya haura arba'in sai ganin kusa ya fara yi masa wuya. Ni kaina na kai matakin da sai na miƙa hannu da takarda kafin in karanta. Wannan ne ya sa manyan 'yan wasa da yawa suke sa gilashin da likitan ido ya auna musu musamman don nisan saitin gaba.

Abu na uku, kamar yadda mutum yake da hannun da ya fi amfani da shi, haka yake da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi. Kimanin mutum biyu cikin uku idon dama ne jagoransu. Ga yadda za ka gane naka: haɗa hannuwanka ka bar ɗan rami a tsakani, miƙa su gaba, ka leƙa wani abu mai nisa da idanu biyu a buɗe. Sai ka rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Idon da abin ya ci gaba da bayyana a cikin ramin da shi, shi ne jagora. Akwai na-dama da idonsu na hagu ne jagora, kuma irin waɗannan sukan sha wahala a farkon koyo ba tare da sun san dalili ba.

Yanzu mu koma ga masuncinmu. Haske yana lanƙwasa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, amma ƙwaƙwalwa tana ɗauka a miƙe ya zo. Don haka tarwaɗar da ke zurfin mita ɗaya, in an dube ta daga sama, sai a gan ta kamar tana kashi uku cikin huɗu na wannan zurfi. Wanda ya auna inda ya gani, mashinsa zai wuce ta saman kifin. Sarkawa, waɗanda suka yi suna a kogin Kwara wajen farautar ruwa da zago, sun warware wannan matsala da gwaji tun kafin a rubuta ta a littattafan kimiyya na makarantunmu.

Jikin da ba ya tsayawa

Miƙa hannunka ka ɗora takarda a bayan tafinka, za ka ga gefenta yana rawa. Wannan ba ciwo ba ne. Tsoka ba ta riƙe abu da ja guda ɗaya mai ɗorewa. Ƙananan rukunonin zarenta ne ke karɓa-karɓa, wannan ya ja, ya saki, wancan ya ɗauka. Daga nan ake samun wata 'yar makyarkyata mai saurin bugu 8 zuwa 12 a sakan guda, wadda ke jikin kowane lafiyayye. Gajiya da yunwa da tsoro da rashin barci suna ƙara ta. Haka nan sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yana iya ƙara ta ga wanda ya sha da yawa.

Tun da tsoka ce ke rawa, dabarar ita ce a ɗora nauyi a kan ƙashi. Idan ka ga hoton ɗan wasa a tsaye, za ka lura ya turo ƙugunsa gaba, ya kafa gwiwar hannunsa a kan ƙashin ƙugu ko haƙarƙari, bindiga kuma tana zaune a kan dunƙulen hannunsa. Nauyin yana bi ta ƙashin hannu zuwa ƙugu, zuwa ƙafa, zuwa ƙasa, kamar yadda ginshiƙi ke ɗauke da azara. Macen da ke ɗauko tulu a ka daga bakin tafki wannan dokar take bi.

Tsayuwa kanta aiki ce. Mutumin da ke tsaye kullum yana ɗan layi gaba da baya, ƙwaƙwalwa tana gyara shi ba tare da saninsa ba. Labari yana zuwa mata daga wurare uku: daga ido, daga wasu bututu masu ruwa da ke can cikin kunne, da kuma jijiyoyin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ita ke haɗa waɗannan labarai. Tsaya da ƙafa ɗaya ka rufe ido, nan take za ka gane rabon da ido yake ɗauka. Saboda kunnen ciki ya fi aiki daidai idan kai yana tsaye, ana koya wa ɗan wasa ya kawo bindiga wajen fuskarsa maimakon ya sunkuyar da kai wajenta.

Sai numfashi. Baligi yana shaƙa ya fitar sau 12 zuwa 20 a minti, kuma kowane numfashi yana ɗaga ƙirji da kafaɗa, bindiga ta bi su. Amma bayan an fitar da iska akwai ɗan hutu kafin a sake shaƙa, lokacin da tsokar ƙirji take sake. Ɗan wasa yana tsawaita wannan hutu ya yi harbinsa a ciki. Idan ya wuce sakan takwas ko goma bai harba ba, iskar da jiki ke son fitarwa ta fara taruwa a jini, ido ya gaji, rawa ta ƙaru. Ƙwararre a nan sai ya sauke bindiga, ya numfasa, ya sake daga farko. Sabon shiga shi ne ke cewa tun da na ɗaga sai na harba.

Numfashi ana iya riƙe shi, zuciya kuwa ba ta karɓar umarni. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ga mai hutawa, kuma kowane bugu yana tura jini da ƙarfin da ke girgiza jiki kaɗan. Motsa jiki a kai a kai, kamar gudu da iyo da tuƙin kwalekwale, yana ƙarfafa zuciya har ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda, sai yawan bugun ya ragu, tazarar da ke tsakani ta ƙaru. Tsoro kuwa akasin haka yake yi, domin yana sa wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su zuba sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. Akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya da rawar hannu, kuma an haramta su a wannan wasa. A Olamfik ta Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an sami irin wannan magani a jikinsa.

Daga ƙarshe sai hankali. A Atina a 2004, Ba'amurke Matthew Emmons yana kan gaba da tazara mai yawa, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinariya a gasar mita 50. Ya harba, harbin ya yi kyau, amma a allon maƙwabcinsa. Aka ba shi sifiri, ya faɗo na takwas. A ɗaya gefen kuma akwai Károly Takács na Hangari, wanda gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938. Ya koma ya koya wa hannun hagu, ya ci zinariya a harbin ƙaramar bindiga a 1948 da 1952. Labarinsa yana nuna cewa ƙwarewar tana zaune a ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa tana iya sake koyo.

Tafiyar harsashi

Da zarar harsashi ya bar baki, ƙasa ta fara jan sa. Harsashin bindigar iska yana tafiyar kimanin mita 170 a sakan, don haka yana isa mita goma cikin kashi 6 cikin 100 na sakan. A wannan ɗan lokaci yana faɗuwa da kimanin milimita 17. A gasar mita 50, inda harsashi ya kusa ninka wannan sauri, faɗuwar ta haura santimita 11. Ke nan babu harsashin da ke tafiya a miƙe. Ana gyara saiti ne yadda baki zai ɗan dubi sama. A fili kuma iska tana tura shi gefe, shi ya sa ake kafa ƙananan tutoci don a karanta ta.

Adakar da maƙeranmu ke ƙerawa cikin bututunta sumul yake, ana ɗura albarushi da ƙarafa ta baki, kuma awon ɗurin yau ba lalle ya zama na gobe ba. Saboda haka maharbin gargajiya ya dogara ne ga sanɗa da sanin daji, ya matso kusa kafin ya harba. Bututun bindigar gasa kuwa an zana masa tsagi a murɗe daga ciki, wanda ke sa harsashi ya fito yana juyawa. Duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san cewa muddin tana juyawa tana tsaye, da ta daina sai ta faɗi. Bugu da ƙari, harsashin bindigar iska yana da siririn ƙugu kamar kalangu, kansa da nauyi, bayansa kuma rami ne, don haka iska ke riƙe bayan, kai ya ci gaba da fuskantar gaba.

A nan akwai darasi ga duk mai shiga ɗakin gwaje-gwaje. A ce ɗalibi ya yi harbi biyar, duka suka taru wuri guda amma can gefen hagu. Wani kuma nasa suka warwatsu ko'ina, ɗaya ta faɗa tsakiya. Wa ya fi? Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma mai koyarwa zai zaɓi na farko. Shi hannunsa ya zauna, saitinsa ne ya karkace, kuma murɗa ƙusa guda zai gyara shi. Na biyu sa'a ce ya taka. Haka yake ga ma'auni: sikelin da kullum yake ƙara giram biyar ana iya gyara shi, wanda yau ya ƙara gobe ya rage kuwa ba shi da amfani. Maimaituwar sakamako daban, dacewarsa da gaskiya daban, kuma mai kimiyya yana buƙatar duka biyun.

Zaɓen kayan aiki

Daga abin da ya gabata za a gane cewa kowane kayan wannan wasa an yi shi ne don ya toshe wata kafa ta raunin jiki. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera bindigogin gasa sun haɗa da Feinwerkbau da Anschütz da Walther a Jamus, da Steyr a Ostiriya, amma masu koyarwa sun fi damuwa da dacewar kaya da jikin mai su fiye da sunan da ke rubuce a kai.

Na farko shi ne tsawo da nauyi. Doka ta ƙayyade kada bindigar mita 10 ta wuce kilo 5.5. Abu mai nauyi ya fi wuyar girgizawa, don haka nauyi yana danne rawar hannu, amma idan ya fi ƙarfin mai ɗauka sai tsoka ta gaji, rawar ta dawo ninki. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Yaro ko mai ƙaramin jiki da marar nauyi yake farawa. Gindin bindiga da matashin kumatu kuma su kasance masu gyaruwa, yadda ido zai faɗa kan ramin saiti kai yana tsaye, kuma a zaɓi ɓangaren da ya dace da idon da ke jagora.

Na biyu, kunama. Ta gasa tana tashi da ɗan taɓi kaɗan, don kada jan yatsa ya karkatar da baki. Abin nema shi ne ta tashi a wuri guda kowane lokaci.

Na uku, harsashi. Ana yin sa da bambancin kai na kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kamar 4.49 da 4.50 da 4.51, kuma kowane bututu yana da wanda ya fi karɓa. Manyan 'yan wasa sukan ɗaure bindiga a maƙale, su gwada kashi-kashi, su sayi wanda ya fi taruwa wuri guda. Wannan gwajin kimiyya ne sosai: an cire hannun mutum, an canza abu ɗaya kawai, an maimaita, an auna.

Na huɗu, sutura. Rigar harbi ta zane mai kauri ce da fata, tana tallafar baya tana kuma rage isar bugun zuciya ga bindiga. Akwai safar hannu mai kauri da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Alƙalai suna auna kauri da taurin waɗannan kaya, don kada riga ta yi aikin da ya kamata ɗan wasa ya yi. Ana kuma rataya ɗan shamaki a gaban idon da ba ya saiti, saboda runtse ido guda na tsawon sa'a yana gajiyar da fuska yana kuma taɓa ganin ɗayan.

Lafiya da doka

Ƙarar bindiga mai albarushi tana kai desibel 140 ko fiye, alhali ƙarar da ta wuce 85 ma tana ɓarna idan aka daɗe cikinta. A cikin kunne akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000 da ke mayar da sauti saƙon jijiya, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Wannan gargaɗi ya shafi masu buga bindiga a hawan salla da masu aikin injin niƙa, ba 'yan gasa kaɗai ba. Abin toshe kunne ya fi kowane kaya araha, kuma rigakafi ya fi magani.

Darma guba ce. Ba mu manta ba da yadda gubarta, daga duwatsun da ake niƙawa don neman zinariya, ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010. Duk wanda ya taɓa harsashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kada kuma a sa shi a baki.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma bindigar iska tana cikin waɗanda dokar ta lissafa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ganin da zai hana shi riƙe ta lafiya. Farauta kuma haramun ce a Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 yanayin kogin ya sauya, kuma dorina da ayu suna cikin dabbobin da masana suka sa a jerin masu fuskantar barazana a duniya. Wani alherin wasan bara shi ne ya raba gwanintar harbi da zubar da jini, tun da takarda kawai ake hudawa.

Gwaje-gwaje don aji

Malami ba ya buƙatar bindiga don ya koyar da wannan darasi. Na ɗaya, a sa kwabo a gindin kwano, ɗalibi ya ja baya har bakin kwanon ya ɓoye shi, sannan a zuba ruwa a hankali. Kwabon zai bayyana. Na biyu, kowane ɗalibi ya gano idonsa jagora, a ƙirga na aji duka, a ga ko ya yi kusa da biyu cikin uku. Na uku, a ɗaure 'yar tocila mai jan ɗigon haske a kan sanda mai tsawon mita ɗaya, ɗalibi ya auna allo daga mita goma na tsawon sakan goma, wani ya zagaye iyakar yawon ɗigon da alli. A ƙirga bugun zuciyarsa, ya zagaya fili da gudu, a sake aunawa. A gwada kuma da gwiwar hannu a sake, da kuma a jingine a ƙugu. Kada a kuskura a haska wannan tocila a idon kowa. A rubuta sakamako a jadawali, a zana shi, a tattauna.

Kammalawa

Mun ga cewa ido yana da gurbin kaifi ɗan ƙarami, tsoka tana rawa, ƙirji yana hawa da sauka, zuciya ba ta tsayawa, ƙasa kuma tana jan duk abin da aka jefa. Gwanin harbi shi ne wanda ya san waɗannan iyakoki, ya zaɓi kayan da suka dace da jikinsa, ya maimaita abu guda sau dubbai har ya zauna. Masuncin da ke bakin ruwan Yelwa ya kai ga wannan sani ta hanyar gado da lura, ɗalibin kimiyya kuma zai kai gare shi ta hanyar awo da lissafi. Ina fatan malamai za su gudanar da gwaje-gwajen nan uku a wannan zango, ɗalibai kuma su je wurin dattawan masunta da maharba na garuruwansu da littafi da alƙalami, su tambaye su yadda suke auna abu, su rubuta amsoshin, sannan su dawo aji a gwada su da abin da kimiyya ta ce.